Babur ɗin da Baba Ya Saya da Tsakar Rana

Akwai labarin da gwaggwanninku suke bayarwa duk lokacin da aka taru wajen suna ko biki, na yadda kakanku ya je kasuwa ya sayi babur kamar mai sayen bijimin sa. Kuna dariya, ni ma ina taya ku, don gaskiya ne, haka ya yi. Sai dai su a kasuwa suke ajiye labarin, domin ƙanana ne a lokacin, abin da suka ji ana faɗi suke maimaitawa. Ni kuwa a bayan babur ɗin nake zaune, saboda ni aka saye shi, kuma ba na so in bar ku da rabin magana a kan mutumin da ba ku tarar ba sai da tsufansa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, can ƙauyenmu na kan hanyar Yekuwa. Ku ƴan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. "Yaron nan" nake in ana maganata, "kai" nake in da ni ake. Ba na cin abinci da Baba, ba na zama inda yake zaune, in ya shigo ta zaure sai in zagaya bayan rumbu. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk wanda ya nuna ɗan farinsa ya dame shi ya zama abin dariya a gari. Da na gama ƙaramar lakkwal, wato makarantar firamare, aka tura ni kwalejin Magarya, sai aka nemo mini masauki gidan wani Alhaji, ɗan kasuwa, dangin Inna na nesa. Mutanen kirki ne, ina so ku riƙe wannan. Ba su taɓa hana ni komai ba. A zaure ake ajiye babban akushi, ƴaƴan gida da yaran shago da baƙi kowa ya zo ya durƙusa. Ni ne ba na iya miƙa hannu cikin mutanen da ban saba da su ba. Kafin in gama tunanin ta wane gefe zan yanko loma ba tare da na taɓa hannun wani ba, an kai gindin akushi. In aka ce, "Haruna, ka ƙoshi?" sai in ce alhamdu lillahi, in koma kan littafina. Da ƙuli-ƙuli da garin rogon da Inna ke ƙullo mini na yi aji uku. Ana gab da babban hutu na yanke jiki na faɗi a filin lakkwal, ana cikin ɗaga tuta. Majon likita, babban ma'aikacin asibiti, ya duba ni sama da ƙasa, ya ce wa mushen da ya kai ni, wato malaminmu, yaron nan ba ciwo gare shi ba, yunwa ce.

Maganar ta riga ni isa gidan Alhaji, ta kuma riga ni isa ƙauye. Alhaji ya zo da kansa har zaurenmu ya rantse bai sani ba, Baba ya rantse masa ya san bai sani ba, suka rabu kowa fuskarsa a ƙasa. Daga nan hanya ta toshe ta kowane gefe. In koma gidan Alhaji, ana zuba mini ido in ina ci, ba zan iya ba, kuma Baba ya san ba zan iya ba. A kai ni wani gida a Magarya kuwa, an tabbatar wa duk garin cewa Alhaji ya bar ɗan dangi da yunwa, wannan kuma Baba ba zai yi wa mutumin da ya riƙe masa ɗa ba. Abin da ya rage shi ne in bar lakkwal, alhali aji guda ya rage mini in zauna jarrabawar brebe, ta gama kwaleji. Haka mutane suka ba shi shawara, kuma ba da mugunta ba. Ni ma na riga na ɗaure littattafaina na tura ƙarƙashin gadon Inna.

Baba mai amalanke ne. Sa guda gare shi, babba, ja, wanda ya rena tun yana maraƙi. Da shi yake kai buhunan gyaɗa da wake kasuwar Yekuwa da ta Magarya, da shi yake kai taki gona da rani. Amalanke ba za ta kai ni Magarya kafin a kaɗa ƙararrawa ba, ko da daga masallacin asuba muka kama hanya. Wata yamma, an fara yankan gero, yana gyaran igiya a tsakar gida, ya juya wa ɗakin da nake baya, ya yi wa Inna magana da ƙarfin da ya wuce wanda ya saba.

"Yaron nan, shekara guda ta rage masa ko?"

"Haka na ji ana faɗi," in ji Inna, ba ta ɗago daga tankaɗe ba.

"Zan sayar da san nan da amalanke in sayi babur. Ya kwana gida, ya ci tuwon gida, in kai shi da safe in ɗauko shi da yamma."

Inna ta dakata da tankaɗen. "Malam, ka iya tuƙi ne?"

"Amalanken ma ba da ita aka haife ni ba."

"Mutane fa za su yi magana. Ɗan fari, a bayanka, kullum."

"Za su yi."

Ɗan Ladi, taubashin Baba, shi ya raka shi wata kasuwa ta tsallaken iyaka, kuma daga bakinsa labarin da kuke ji ya fito, da gishirin da ya ƙara masa. Ya ce Baba ya zagaya babur ɗin ta dama ya zagaya ta hagu, ya danna kujera kamar mai taɓa tozo, ya durƙusa ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar kofato, ya buɗe tanki ya sansana, ya kara kunne jikin inji. Ya sa mai shi ya hau ya je ya dawo a gabansa don ya ga ko yana ɗingishi. Har tambaya ya yi, ko yana da zaɓen abinci. Na daɗe ina tunanin wannan dubawa, kuma ban ga wauta a cikinta ba. Tayoyin suna da kyau, ƙarfen ba ya da karaya, babur ɗin bai taɓa yar da mu a hanya ba. Abu guda ne Baba bai sani ba, kuma ba ta inda mai shanu zai san shi. San da ka gani da azahar shi ne za ka tarar da asuba. Babur ba haka yake ba. Wanda ya gani an tuƙo shi daga nesa, ya wuni cikin rana, injinsa da zafi, shuri guda aka yi masa ya tashi.

Ya koyi tuƙi a fakon bayan gari, ya faɗa gonar waken maƙwabcinmu har ya je ya ba da haƙuri. Ranar da aka koma lakkwal na hau bayansa. Ban san inda zan sa hannuna ba, sai na riƙe ƙarfen ɗaura kaya ta baya, na ja jikina don kada rigata ta taɓa tasa. Mutane sun fito ƙofar masallaci suna kallo. Da muka shiga yashi babur ya fara rawa, sai na ji ya ce, bai waiwayo ba:

"Kai, riƙe rigata."

Duk kaka haka muka yi, lafiya lau. Na yi ƙiba har mushen Faransanci ya ce bai gane ni ba. In Baba ya ajiye ni, sai ya ɗan ɗauki mutane tsakanin tasha da unguwanni har a tashe mu.

Sai sanyi ya shigo. Safiyar farko ya shuri babur ɗin, ya yi tari ya yi shiru. Ya shura, ya shura, yana murɗa hannun ba da mai, har ya tuɓe rawani gumi na zuba cikin wannan ɗari, tsakar gida duk warin isansi, wato fetur. Muka fita da shi muka tura, amma turin babur cikin yashi aikin banza ne, taya ja take ba ta juyawa. Sai da rana ta ɗaga ya ga dama ya tashi. Washegari haka, jibi haka. Wata rana ya yi mana kirki, wata rana mu isa an rufe ƙofar lakkwal, in tsaya a waje ina jin muryar mushen lissafi ta taga. Sirbeyan, mai kula da ƙofa da makara, ya gaji da rubuta ni, ya fito ya tari Baba.

"Baba, ba ni na yi doka ba. Awar farko lissafi ce, ita ce kuma ta fi nauyi a brebe. In ya ci gaba da rasa ta, darakta ba zai sa sunansa cikin masu zama jarrabawa ba."

"Na ji, Mushe."

"Ka samar masa gida a cikin gari mana."

"Na ji, Mushe," in ji Baba, ya juya babur.

Ran nan da aka tashe mu bai nufi gida ba, sai garejin Gambo makanike, wata rumfar kwano a bayan tasha, da ɗan ɗaki na ajiyar kaya. Gambo bai kai Baba shekaru ba, yana da yara masu koyon aiki. Ya saurari bayani yana goge hannu da tsumma.

"Malam, wane lokaci ka gwada shi kafin ka saya?"

"Bayan azahar."

Yaran suka fara dariya, Gambo ya harare su suka haɗiye. "Ai da azahar ko gawar babur tashi take. Da asuba ake gwada shi, ya kwana bai motsa ba."

Ya kwance gefen injin ya nuna mana karbirato, inda mai da iska ke haɗuwa. Ya ce isansi ba ya kamawa yana ruwa, sai ya zama tururi ya gauraya da iska. Da sanyi kuwa ba ya son tashi, sai ya kwanta jikin ƙarfe. Shi ya sa ake yi wa babur sitata, wani ɗan murfi da ke rage iska don mai ya yi rinjaye har inji ya ji ɗumi. Na Baba ya karye tuntuni, da waya aka ɗaure shi don ido kawai, karbiraton kuma ya cinye, irin na wannan tsoho sai Kano in ma an samu. Yawan shuri jiƙa buji, ɗan ƙarfen da ke kyasta wa inji wuta, yake ƙara yi, murɗa hannu kuma iska yake ƙarawa, abin da ba a so. Ga isansin kwalba, wani ana tsarma masa kalanzir, shi kuwa da sanyi ko kusa ba ya tururi. Ina tsaye gefe raina fari, don a ajinmu mun karanta yadda ruwa ke zama tururi, ga shi yau a gabana da wari da maiƙo. Na so in faɗa, ban iya ba. Baba kuwa, mutum mai furfura, ya zauna kan tsohuwar taya cikin yara yana gyaɗa kai, abin da bai gane ba ya ce a sake.

"Wato kamar sa ne da ya kwana cikin raɓa," ya ce daga ƙarshe. "Ba a ɗora masa karkiya sai ya ji ɗumi."

"Kusan haka ne," in ji Gambo. "Sai dai shi wannan yana harbi ta inda ba ka zata ba. Kada ka murɗa hannu in kana shuri da sanyi."

Gambo ya koya mana dabara, gidanmu duka ya koma kanta. Babur ya daina kwana a zaure, ya koma ɗakin Baba, an lulluɓe injinsa da bargon Baba na kansa. Inna ta ce kayanta duk warin isansi suke, Baba ya ce ƙamshin zamani ne. Kafin ya tafi masallaci sai ya kwance buji ya miƙa mata, ita kuma in ta hura wutar kunu ta aza shi a ƙaramin kasko gefen garwashi, tana juya shi da tsinke kamar mai gasa gurjiya. In an dawo salla ta kawo kaskon ta ajiye bakin ƙofa, ta faɗa wa iska, "Ga abin babur ɗinku." Ba ta taɓa cewa don ni take yi ba, kuma ba ta taɓa bari ya ƙone ko ya huce ba. Baba ya ɗauka da tsumma ya ɗaura da sauri. Aikina shi ne na sitatan da ya karye: in durƙusa in rufe bakin karbirato da tafin hannuna. In ya shura sai in ji inji yana tsotsar hannun, da sanyin mai yana jiƙa shi. In ya yi tari ba a ɗagawa gaba ɗaya, sai a hankali, ta gefen ƙaramin yatsa, kana saurare, in ya nemi mutuwa ka mayar. Na ƙware a wannan har na fi gane shi da hannu fiye da kunne. "Rufe," in ji Baba. "Saki." Tun da aka haife ni ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba. Wajen masu isansi ma ya zama abin tsoro, don ba ya saye sai ya ɗiga a tafinsa ya hura. In ya bushe ya bar sanyi, a zuba. In ya bar maiƙo, ya goge hannu ya yi gaba.

Ɗan Ladi kuwa ya samu abin yi. Kullum in zai wuce sai ya leƙo zaure.

"Ina kwana, angon ƙarni? Yaya mai jego? An yi mata ruwan zafi?"

"Da sauƙi," in ji Baba. "Ta ce in za ka zo barka ka taho da sabulu, kada ka zo hannu sake irin na gidanku."

Haka muka ci wajen rabin sanyi ba mu makara ba, har sirbeyan ya fara amsa gaisuwata. Sai makon jarrabawar tsakiyar shekara ya zo daidai da tsananin ɗari, irin wanda ruwan randa ke kama haƙori. Safiyar jarrabawar lissafi yatsun Baba suka sandare, buji ya ƙi kama zarensa, kafin ya ɗauru ya huce. Ya shura, shiru. Ya sake, shiru. Gari na ta haske. Na ga ya dubi gabas, na kuma ga hannunsa ya murɗa, abin da Gambo ya hana, ya hau da dukan nauyinsa. Inji ya yi ƙara kamar bindiga. Wuta ta feso ta bakin karbirato cikin tafina, ƙarfen shuri kuma ya dawo da ƙarfi ya daki idon sawunsa na dama. Baba ya faɗi gefe guda, babur ya faɗi ɗaya gefen. Bai dubi ƙafarsa ba. Ya jawo jiki a ƙasa ya kama wuyan hannuna, ya juya tafin yana dubawa kusa da idonsa. Fatar ta yi ja, gefe ya fara tasowa.

"Da wannan kake rubutu?"

"E, Baba."

Ya sani sarai. Ya saki hannun a hankali. Inna ta fito da gudu ta tsaya tsakaninmu, na ga ƙafarta ta nufo ni, sai ta juya ta durƙusa wajensa, ta ce wa ƙanwata ta kai wa yaron nan ruwan sanyi.

Aka jingine Baba da bangon zaure ta waje, ƙafar ta kumbura kamar tulu, aka tayar da babur aka kafe shi a gabansa cikin rana. Ba wanda ya ƙara taɓa shi. Ina zaune da hannuna cikin ƙwarya, na san a wannan lokacin an raba takardu, na kuma san abin da sirbeyan ya faɗa. Da hantsi ya yi Ɗan Ladi ya zo, ranar ba wasa a bakinsa. Ya dubi ƙafar, ya dubi hannuna, ya dafa tankin da rana ta gasa, ya ɗora ƙafa ya yi shuri guda kamar mai gwaji. Babur ya tashi yana ta ruri kamar ba shi ba. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Ba ya da laifi," ya ce. "Da rana na saye shi, da rana yake aiki. To, da rana za mu riƙa tafiya."

"Lakkwal ɗin za ta jira ku ne?" in ji Ɗan Ladi.

"Mu za mu jira ta." Ya ɗaga murya wajen cikin gida. "Ke, naɗo tabarma biyu da bargo da buta."

Inna ta fito ta ce a fara kai shi wajen maɗori. Ɗan Ladi ma haka ya ce, har da rantsuwa. Baba ya ce maɗori yana nan har Asabar. Ya sa aka ɗaure ƙafar da rawaninsa, aka ɗaga shi aka ɗora kan babur, ya tuƙa mu har Magarya ba ya iya taka birki. A ƙofar lakkwal ya sauka yana dogara sanda, ya ce wa sirbeyan:

"Mushe, yau mun yi laifi. Gobe kafin ka buɗe ƙofar nan za ka same shi a tsaye."

Sirbeyan ya dubi ƙafar, ya dubi hannuna da aka naɗe da tsumma. Ya ce in shiga in zauna jarrabawar yamma, ta lissafi kuma zai yi magana da mai ita, amma bai yi alkawari ba. Na rubuta da hannun haka, kuma munin rubutuna na ranar ya fi ƙunar yi mini ciwo. Da na fito na tarar da Baba a garejin Gambo, tabarminmu jingine da bango, ana tsakiyar magana.

"Kana da mai gadi?"

"Yara ke kwana, Malam."

"Yara barci suke. Ni tsoho ne, ga ƙafa ba za ta bar ni in runtsa ba."

"Malam, kai mai gida ne, da gonarka da iyalinka. Yaya zan sa ka gadi?"

"Ba kai ka sa ni ba."

Da magariba ya ɗingisa har gidan Alhaji ya gaishe shi, ya ce masa bana ya zo cin rani cikin gari, ya samu ɗan aiki, yaron nan kuma yana wajensa. Alhaji ya ce madalla, Allah ya sa albarka. Kowannensu ya san abin da ɗaya yake nufi. Yaro ya kwana inda ubansa ya kwana, ba mai cewa an raina gidan kowa.

A ɗakin ajiyar kaya muka zauna, tsakanin tayoyi da galan-galan na baƙin mai. Lakkwal ba ta da nisa, da ƙafa nake zuwa, kuma ban ƙara tarar da ƙofa a rufe ba. Mushen lissafi ya ba ni wata jarrabawar ni kaɗai. Asabar da rana tsaka, babur ya sha rana, mu tafi gida, Lahadi da la'asar mu dawo. Abin da ya rage shi ne abinci. Matar Gambo tana aiko wa yaran gareji babban kwano, su kewaye shi kamar na gidan Alhaji. Da farko Baba ya sa ana ɗebar mana namu daban, mu zauna bayan tayoyi, shi yana kallon gabas ni ina kallon yamma, kwano a tsakani. Shi ma kunya yake ji, na ga yadda lomar ke tsaya masa. Amma ba ya tsame hannu sai ya ga na ci, don haka dole in ci in yana son tashi. Bayan kwanaki sai ya ce bayan tayoyi da sauro, muka matso bakin rumfa. Sai ya ce ƙafarsa ta fi son benci, bencin kuwa kusa da yara yake. Wata rana ya ɗauki kwanonmu ya juye cikin babban, ya zauna, ya ja layi da yatsa a kan tuwon.

"Nan gonar ɗan lakkwal ce. Wanda akuyarsa ta shiga zai biya ɓarna."

"Baba, in miya ta gangaro gonarmu fa?" in ji babban cikinsu, wani mai suna Sale.

"Ruwan sama ne, na kowa ne."

Suka yi dariya, ni ma na yi, na ci. Suka sa mini suna Mushe. Sale ya riƙa kare mini iyaka da gwiwar hannu in ƙananan sun matso. Baba ya ci gaba da jan layin kwana da kwanaki, yana ƙara yin sa sama-sama, har ranar da bai ja ba, ni kuma ban lura ba sai da na wanke hannu.

Abin da wannan ya ci masa ba ƙarami ba ne. Da aka kai shi wajen maɗori ran Asabar ƙashin ya fara kamawa a karkace, bai kuma zauna ya huta ba, ƙafar ba ta ƙara komawa daidai ba. Ranin nan ba a kai taki gonarmu ba, damina ta zo gero ya fito siriri, muka ci rabin shekara da awo. Inna ta riƙe gida ita kaɗai da ƙananan yara. A ƙauye mutumin da ake kira in za a raba gardamar iyakar gona ya koma "mai gadin Magarya", ba a bakin Ɗan Ladi kaɗai ba, har a bakin waɗanda ba wasa tsakaninsu da shi. Sa kuwa bai sake mallaka ba sai da na fara aiki. Brebe na samu a wannan shekara, kun sani, daga nan hanyar da ta kawo ni inda kuka tarar da ni ta buɗe. Ban taɓa jin ya lissafa wa kowa abin da ya rasa ba.

Sanyi ya wuce kamar yadda yake wucewa, ka tashi wata safiya ka ga ka ture bargo. Ranar, bayan sallar asuba, Baba ya fito da babur daga rumfa, ba gashin buji ba toshe karbirato, ya tsaya ta wancan gefe ya shura da ƙafar hagu. Shuri guda ya tashi. Yaran gareji suka yi tafi. Ya bar shi yana ruri, ya yi magana yana kallon tanki.

"Zafi ya zo. Yanzu yana tashi da safe. Sai mu koma gida, mu riƙa zuwa kamar da."

Na san gona na jiran shara, na san Inna ta gaji, na kuma san tafiyar safe da yamma cikin yashi da wannan ƙafa ba ƙaramin abu ba ce. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

"Baba, in Gambo ya yarda, ni zan zauna nan har jarrabawa."

"Ɗaki ai nasa ne," in ji Gambo daga cikin rumfa.

Baba bai ɗago ba. Ya ɗan rage rurin injin.

"Ana ƙoshi?"

"Ana ƙoshi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya shiga ɗaki ya naɗo tabarmarsa guda ya ɗaure a baya, ya rataya buta, ya yi sallama da Gambo da yaran ɗaya bayan ɗaya. Ni bai ce mini komai ba. Ya hau ya tafi a hankali. Daidai kwanar tasha babur ya mutu, don har ya bar tuƙi bai iya sauya giya a kwana ba. Yara suka zabura za su je turi, ya ɗaga musu hannu daga can, bai waiwayo ba. Ya sauko, ya zagaya, ya shura da hagu, ya hau ya sha kwana.

Na tsaya har ƙarar ta ɓace. Sale ya ƙwala mini kira daga rumfa, wai koko ya iso kuma ƙosai ba ya jiran masu ilimi. Na je na kutsa tsakaninsu na ɗauki nawa, na ɗauki littattafaina na tafi lakkwal.